Kogin Cikin Kunne

Shekara arba'in ina tuƙa kwalekwale
tsakanin Yelwa da tsibiran Gungawa.
Ko ranar da iska ta yi fushi
ta kakkaɓe Kwara kamar tabarma,
ƙafata ba ta nemi aron ƙarfi ba.

Sai ga shi wata Laraba, a tudu,
a tsakar gidana, buta a hannu,
na sunkuya zan wanke ƙafar hagu,
katanga ta tashi ta bi rumbu,
rumbu ya bi darbejiya,
ni kuwa ina kwance, na kafa farce a ƙasa
kada ta zubar da ni.

Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jini ya hau.
Nomau ya ce tsufa ne,
shi da ya girme ni da damina shida
kuma har gobe yana hawa giginya.

Iya Tumba ta zo da ƙullinta.
Ba ta tambaye ni komai ba,
ta buɗa idona yadda ake duba kifin kwana.
Juwa ce, in ji ta. Ku hura wuta.
Citta, kanumfari, ɓawon marke,
da wata saiwa da ta ƙi faɗin sunanta.
Ta zuba tazargade a garwashi,
ta rufe ni da bargo kamar mai laifi.
Kwana tara ina shan jiƙo,
ɗacinsa har cikin mafarki.

Amai ya tsaya. Tuwo ya soma zama.
Na koma sahu.
Amma da na juya kai zan yi sallamar hagu
masallaci ya juya tare da ni,
na ga liman biyu, kowanne na gudu.

Hurera, autata, ta sa ni a mota.
Koko, Jega, har Birnin Kebbi
idona a rufe, ina ƙirga ramukan hanya.

Likita Basharu, jikan jikana a ido,
wai a ƙasar Sin ya koyo sana'a.
Ya ware allurai, ƙayar ƙawara ta fi su kauri.
Na ce, yaro, ina ruwan allurar?
Ya ce, Baba, ba ta da ruwa,
ruwan yana kanka.
Akwai ɗan kogi a cikin kunne,
bai kai tsinken tsintsiya ba,
in ya gurɓata, tudu ma sai ya yi igiya.

Ɗaya a bayan kunne, ɗaya a tsakar kai,
biyu a wuyan hannu,
ɗaya can ƙasa, kusa da babban yatsa,
ina ƙafa, ina kai?
Wanzami ko ba komai yakan nuna maka jini a ƙaho.
Wannan, shiru kawai,
da fanka tana juyawa, ita kaɗai, a bisa haƙƙinta.
Na kwanta kamar bushiya.
Ni da na sa wa dubu ƙugiya,
yau na san abin da tarwaɗa ke tunani.

Sau shida muka je.
Kuɗin raga sabuwa ya tafi a mota.

Yanzu Iya Tumba na cewa saiwarta ce,
Hurera na cewa allura ce.
Ni ban raba gardama ba:
wanda aka tsamo daga ruwa
ba ya tambayar hannun da ya fi ja.

Jiya da asuba na gangara mashaya.
Na sa ƙafa ɗaya, jirgi ya yi tangaɗi,
gabana ya faɗi, na ɗaga ido:
gaɓa na nan tsaye,
giginya na nan tsaye, Nomau a kanta.
Jirgin ne kawai ke rawa.

Wata safiyar takan ƙwanƙwasa har yanzu,
sai in zauna bakin gado, in tauna citta,
in jira ɗan kogin ya kwanta,
kafin in je wa babban.